Rubutun Alli a Ƙofarmu

Jiya da hantsi na bi masu rigakafin shan-inna da gudu har bakin titi a unguwarmu ta Romi, ko takalmi babu.

Sun ɗiga wa 'yata Godiya da ƙaninta magani, suka rubuta 2 da alli a ƙofarmu. Kafin in shiga ajin koyon karatu na manya a coci, goge irin wannan rubutu nake yi, ina zaton alamar rusau ce. Yanzu na iya karantawa, sai na tuna: yara uku ne a gidan. Ɗan ƙanwar mijina, da suka zo daga ƙetaren iyaka makon jiya, yana barci a ɗaki, ba a taɓa ɗiga masa ba.

Ina haki na ce wa shugabarsu, "Baƙo ne, shi ma ana ba shi? Ba an ce cutar ta ƙare ba?"

Ta yi dariya. "Maman Godiya, mun kore ta, amma ta san hanya. Tare da baƙi take shiga mota, kwandasta bai ganinta."

Suka dawo, aka ɗiga masa, 2 ta koma 3.

Iyaye, kuna ƙirga 'ya'yan baƙinku kuwa?