Lemon Kezia

Duk wanda ya taɓa zama a unguwar Damilu ta Jimeta ya san gidan Malama Fibi, ko bai san sunanta ba ya san rumfarta. Daga bakin titi ake hango ta, kore shar, kuma da rana ta take sai furanni su buɗe a kanta, fari da shunayya, har masu keke na kwatance da ita. Sunan shukar na Turanci, fashon furut, bai zauna a bakin kowa ba. Lemon Kezia ake ce mata.

Fibi 'yar Numan ce. Aure ya kawo ta Jimeta, ta koyar a firamare har ta yi ritaya, sai dai ritayar ba ta raba ta da halin malanta ba. Mijinta Abednego, tsohon direba, yakan ce tun da ta rasa 'yan aji ta dawo kansa da kan shuke-shuke, kuma gaskiyarsa ce. Ba ta lallashin shuka, umarni take ba ta, abin haushin kuma shukar takan bi. Mace ce mai kirki, amma in ta kafe a kan magana gara ka nemi kujera ka zauna.

A ƙarshen daminar 2014, da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram, mutane suka yi ta kwararowa Yola, da yawansu a ƙafa. Aka yi sanarwa a coci cewa mai ɗaki ya taimaka. Fibi ba ta tsaya shawara ba, Abednego ya dawo ya tarar da tabarmi har a falo. Cikin baƙin akwai Kezia, mace mai shiru-shiru, wadda mijinta Tumba ya ce ta yi gaba zai rufe gida ya same ta. Bai same ta ba.

Ranar da Fibi ta matsa mata ta wanke jakarta, wani abu ya gangaro daga ciki, ya yamutse ya yi baƙi. Ɗan itace ne daga rumfar gidansu, na ƙarshe cikin waɗanda ta tsinta ta riƙa tsotsa a hanya. Tumba ne ya kawo irin daga Gembu tun yana aiki can.

"Kar ki yar, Mama Queen," in ji Kezia, don da sunan 'yarta Queen ake kiran Fibi. "Abin hannunsa da ya rage ke nan."

Fibi ta fasa shi, ta wanke ƙwayoyin har yauƙin ya fita, ta jiƙa su, sannan ta shuka su a ledojin fiya wata cike da ƙasa da tsohon taki. Kezia ta ɗauki gadi. Sun tsiro kuwa, amma zafin Yola na watan Afrilu ya gama da wasu, akuyar unguwa ta gama da saura, guda ɗaya tak ya tsira. Ranar da ya miƙa ɗan zarensa ya naɗe igiya, Kezia ta yi dariya, kuma wannan ce dariyarta ta farko a gidan.

Da ƙura ta lafa ta koma Mubi. Gidan ya ƙone, rumfar ma babu alamarta. A tasha ta ce wa Fibi ita ba ganye ne damuwarta ba, so take ta sake jin wannan ɗanɗanon a bakinta ko sau ɗaya. Fibi ta buga ƙirji ta ce ɗan fari da hannunta za ta kai mata.

To, daga nan aikin ya gagara. Shukar ta hau rumfa, ta yi fure kamar ba gobe, furen ya bushe ya zube, babu ko ɗa ɗaya. Shekara ta zagayo, haka. Ga shi irin wannan yaɗo ba ya daɗewa yake tsufa, don haka Fibi ta koma dashe. Takan yanko reshe mai gaɓa uku, ta tsige ganyen ƙasa, ta rage na sama rabi, ta soka a leda ta ajiye a inuwa har ya yi saiwa. Hannunta ya faɗa sosai. Ta raba wa 'yan zumuntar mata, ta raba wa masu sayar mata da ruwa, dashen ya haye gada har Vinikilang. Kowa ya samu inuwa da fure, ba wanda ya samu abin sa wa a baki.

Shawara kuwa ba irin wadda ba ta ji ba. An ce ta kafa masa ƙusa, an ce ta binne ƙayar kifi a gindinsa. Wata 'yar cocinsu ta taɓa kawo mata tsiro daga Jos, Fibi ta mayar mata da abinta tun daga bakin ƙofa.

"Na Tumba nake reno," ta ce. "Ba zan haɗa shi da wani iri ya lalace ba."

Abin da ya fi ci mata rai shi ne wayar da suke yi da Kezia duk Kirsimeti. Da farko Kezia kan tambaya, daga baya ta daina. Ta tsufa, idonta ya fara rauni, kuma Fibi ta soma tsoron kada alkawarin ya fi mai shi tsawon rai.

Bayan katangarta akwai Hajiya Fadimatu, wadda suka taso daga cikin garin Yola, mai yawan raha da sakaci da shuka. 'Yarta Nahla ta kawo mata tsarabar irin wannan lemo daga Gembu, ta matse ta sha, ta watsar da tukar a gindin katanga inda ruwan wanke-wanke ke bi. Ba wanda ya ce masa uffan, abu ya tsiro, ya hau, ya leƙo gidan Malama. Fibi ta ɗauko almakashi.

"Hajiya, yaronki ya sake tsallakowa fa."

"Ayya Malama, ki bar shi mana, gaisuwa ya zo," in ji Hajiya daga can. "Ni ban aike shi ba."

Haka suka yi ta yi, yana leƙowa tana datsewa, har bara da bikin jikarta ya tsare Fibi a Numan tsawon makonni. Ta bar wa Abednego umarni, shi kuwa ya bar wa Allah. Ta dawo ta tarar baƙon ya shigo ya baje, furensa cikin furen nata. Ko jaka ba ta ajiye ba ta nemi almakashi, tana faɗa tana ɗaga ganye, sai hannunta ya taɓa wani abu mai sulɓi, kore, kamar ƙwan agwagwa. Ta bi reshen da yatsa a hankali har ƙasa. A cikin gidanta gindinsa yake.

Ta zauna a kan bokiti. Can sai ga wani baƙin ƙwaro mai ƙugi, irin mai huda katakon rumfa, ya taso daga furen Hajiya bayansa duk garin fure rawaya, ya faɗa cikin nata. Nan ta gane. Duk dashen da ta cika gari da shi itace ɗaya ne aka yayyanka, shi kuwa wannan iri ba ya ɗaukar garin kansa, sai na wani da ya fito daga ƙwaya dabam. Ita da ta sha zana ƙwaro da fure a allo tana dukan tebur don yara su riƙe.

"Malama, wannan darasin kam kin faɗi," in ji Abednego, ya yi saurin shigewa ɗaki.

Washegari ta shiga gidan Hajiya da gashin fiffiken kaza da faranti, ta roƙi garin fure. Hajiya ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ta ɗiba, amma almakashin ya zauna a wurinta.

Da 'ya'yan suka nuna suka yi rawaya suka faɗo da kansu, Fibi ta ƙulle su a ɗankwali ta hau motar Mubi. Kezia ta shafa ɗaya, ta shinshina, aka fasa mata ta kurɓa. Ta sake kurɓa.

"Shi ne," ta ce.

Fibi ta ji daɗin da ba ta ji irinsa ba tun haihuwar Queen, amma gaskiya ta hana ta shiru. Ta ba da labarin katanga duka, ta nemi afuwa cewa ba na Tumba ne zalla ba, an samu haɗi da na maƙwabta.

"Ashe shi ya sa," in ji Kezia. "Namu ma haka yake, ban taɓa kawowa a raina ba. Tumba ya ba Malam Bappa na bayan gidanmu iri, ya hau katanga ɗaya da namu. Kowace damina sai sun yi musu a kan na wane ne ya faɗo." Ta share ido da bakin zane, tana murmushi. "Ranar da muka gudu ma Malam Bappa ne ya tsaya taya Tumba rufe gida. Tare aka tsinci gawarsu."

Ta tattara ƙwayoyin da suka rage a ɓawon ta zuba a tafin Fibi.

"Ki wanke mini yadda kika yi wancan karon, ki raba biyu. Matar Malam Bappa tana nan, gobe sai ki raka ni."