Jirgin Ya Tashi Ya Bar Ni a Jidda

Ni mutumin Matameye ne. A shekarun da abin nan ya same ni ina da ƙuruciya, ina awon gyaɗa, Allah kuma ya buɗa mini har na ɗauki nauyin kai mahaifiyata aikin hajji. Lokacin jirgin sama bai daɗe da fara ɗibar alhazai daga Kano ba. Matata tana da cikin fari. Ranar da za mu tafi ta riƙe mini hannun riga tana kuka, na yi mata dariya, na ce kafin ta haihu na dawo.

Mun tashi daga Kano da hantsi, aka yada zango a hanya aka sha mai, gari na wayewa sai ga mu a Jidda. Wannan saurin shi ya yaudare ni. Na ɗauka Makka nan kusa take, tunda zuwa Damagaram a kan raƙumi ya fi haka daɗewa.

Bayan an sauko daga Arfa zazzaɓi ya kwantar da Inna. Ranar komawa ta zo, ko zama ba ta iya yi. Jagoranmu ya ce jirgi ba ya jiran kowa, kuma in ya tashi tikitinmu ya mutu. Ita kanta Inna ta ce in bi mutane, in bar ta ga Allah. Na ce ba zan tafi ba, ai gida ba nisa, in ta samu sauƙi ma bi wani jirgin. Saboda wannan tunanin ko cikakken saƙo ban ba 'yan garinmu ba. Ta rasu bayan wata guda, na binne ta, guzuri ya ƙare, jiragen alhazai kuma sun daina tashi.

A nan na san nisa. Na ƙetare teku a jirgin ruwa, na tsinci auduga a Sudan, na yi dako, na kwanta ciwo a garuruwan da ba mai jin Hausa. Abin da jirgi ya ci a yini da dare, damina huɗu ya ci mini.

Da na iso Matameye mutane suka riƙa ja da baya suna salati. Ashe labari ya zo cewa mu biyun mun rasu. An yi sadakata, matata ta haihu, an sa wa yaron sunana, ta yi aure a garin Kance, kusa da mu. Na je ganin yaron, ya ɓuya a bayan mijin uwarsa. Ban ta da maganar aure ba, don ta riga ta haifa wa mijin 'ya'ya biyu.

Ban taɓa nadamar tsayawa kan mahaifiyata ba. Nadamata ita ce na auna hanya da gudun abin da ba nawa ba. Duk mai shirin tafiya mai nisa, ya tambayi yadda zai dawo in abin hawan ya bar shi, kuma kada ya bar iyalinsa babu labari. Ni yarona har ya girma Alhaji yake ce mini.