Mai Guga da Man Wardi

Godiya ta tabbata ga Allah, Wanda Ya lulluɓe ƙashi da nama, Ya lulluɓe nama da fata, Ya kuma san abin da zukata ke ɓoyewa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wannan taƙaitaccen tarihi ne na matar ƙanena, wadda kowa ya sani da Mai Guga. Ƙanena ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, wadda muke kira Kurciya saboda sanyin halinta. Sai ta kama aiki a wani shagon wanki da guga, a ɗakin baya, inda tururi ba ya yankewa, kuma warin maganin cire dauɗa ya kama bango. Ta ƙware ƙwarai. Idan ta goge wuyan riga, sai ka rantse ba a taɓa sa ta ba. Amma aikin ya karɓi hakkinsa: shekarun shaƙar magunguna sun kashe mata hanci, har ta zama ba ta bambance turare da hayaƙi. Abokan aikinta kan tsokane ta, su ce ita kaɗai ce za ta rungumi bunsuru ta ce masa sannu da ƙamshi. Takan yi dariya, ba ta ɗauki abin hasara ba.

Tana zuwa aiki da yarinyar, don ba ta da mai riƙe mata. Wata rana Kurciya ta ja igiyar dutsen guga, ya faɗo da zafinsa ya kwanta mata a kunci da gefen wuya. An yi jinya, ciwon ya warke, amma ya bar tabo mai duhu, fatar ta tsuke har yarinyar ba ta iya waiwaye sai ta juya da jikinta duka. Daga ranar Mai Guga ba ta da wani buri a duniya sai ganin tabon nan ya dushe, 'yarta ta shiga cikin mutane ba tare da sunkuyar da kai ba.

Wani dattijo mai shagon magani a bakin titinsu ne ya nuna mata man 'ya'yan wardi. Ya ce mata idan furen wardi ya zube, yakan bar wani ɗan ƙwallo ja, daga ƙwayoyin cikinsa ake matso man. Yana tausasa fatar da ta tsuke, yana rage duhun tabo, yana maganin bushewa, amma sannu a hankali, kuma ba a sa shi a kan ciwon da bai rufe ba. Ta ce ya ba ta babbar kwalba, don tana tsoron ya ƙare mata. Ya faɗa mata a ajiye shi a wuri mai sanyi da duhu, amma ina zaton hankalinta a lokacin yana kan tabon, ba kan maganarsa ba.

Mai Guga takan ajiye abin da take ji da shi inda hannunta zai kai. Saboda haka ta ɗora kwalbar a kan kantar da ke saman teburin guga, kusa da taga, tsakanin rana da tururi. Kullum kafin yarinyar ta wuce makaranta, sai ta zaunar da ita a kan ƙullin zannuwan gado, ta ɗiga man a yatsa, ta yi bismillah, ta murza a hankali. Na sha samunsu a haka idan na kai rigunana. Ban taɓa ganin fuskar baiwar Allah nan a sake ba sai a wannan lokaci.

Da fari an ga alheri, wuyan ya fara saki. Daga baya abin ya tsaya, fatar ta riƙa yin ja. Sai Kurciya ta soma ƙin makaranta, yau ciwon kai, gobe ciwon ciki, har ta daina zuwa gaba ɗaya. Uwar ta ce tabon ne, ta ƙara yawan shafawa. Ta zo mini tana kuka, na ce mata ƙunar dutsen gugan nan kuskure ne, kuma Allah ba Ya kama bawa da kuskure. Ta ce, "Na sani, Yaya Malam, Allah Ya yafe. Amma fatar ba ta ji wa'azinka ba."

An daɗe a haka kafin kwalbar ta kusa ƙarewa. Ta ɗauke ta ta kai wa mai magani don ya ba ta irinta, Kurciya na biye da ita. Da ya buɗe murfin, sai ya kawar da kai.

Ya ce, "Subhanallahi! Baiwar Allah, kifi kika jiƙa a ciki? A ina kike ajiye shi?"

Ta ce, "A saman teburina mana, inda nake ganinsa."

Ya ce, "Ai kin dafa shi! Wannan man ya daɗe da lalacewa. Ke ba ki ji warin ba?" Sai ya dubi yarinyar. "Ke fa, 'yata? Hancinki lafiya lau, me ya hana ki magana?"

Kurciya ta ce, "Inna, ba don tabon na bar makaranta ba. Sun saba da tabon. Mai Warin Kifi suke ce mini, ba mai zama kusa da ni."

Uwar ta ce, "Kika ƙyale ni ina ta shafa miki?"

Yarinyar ta ce, "Lokacin ne kawai nake ganin kina murmushi."

Mai magani ya ba su ƙaramar kwalba mai duhu, aka sa ta a firjin maƙwabta. Sabon man ya yi aikinsa gwargwadon abin da Allah Ya sa masa: jan ya kwanta, wuyan ya saki, duhun ya ragu, ko da yake tabon bai gushe ba. Kurciya ta koma karatu tare da waɗanda ta girme wa, ta jure, yau ma'aikaciyar jinya ce, tana duban mutane ido da ido.

Amma Mai Guga ba ta koma daidai ba. Ta daina yarda da kanta. Ko madara za ta dama, sai ta miƙa wa na kusa ta ce, "Shinshina mini." Kwalbar kuwa ta damƙa wa 'yarta, ta ce ta riƙa shafawa da kanta. Kurciya ta roƙe ta, ni ma na roƙe ta, sai ta ɓoye hannuwanta cikin mayafi ta ce hannun nan ya cuci 'yarta sau biyu, ya isa. Ta ci gaba da guga har ƙafafunta suka gaza, ta yi 'yar jinya, ta amsa kiran Ubangijinta.

Bayan an watse daga zaman makoki, Kurciya ta ce mini, "Baba, burinta ya cika, ga ni cikin mutane. Amma tun ranar nan a shagon magani, hannunta bai sake taɓa fuskata ba."

Ya Allah, baiwarKa ce, ta tsananta wa kanta a kan abin da Kai ba Ka tsananta mata ba. Ka yi mata rahama, Ka sanyaya makwancinta, Ka karɓi wahalarta, Ka ba 'yarta haƙurin rashinta. Amin.