Sa'idu Jatau da dangin da ya samo a Riga

Bana shekara goma sha biyar ke nan da muka binne Sa'idu a Doha. Jatau muke kiransa saboda haskensa. Mun zauna ɗaki ɗaya a unguwar Nu'aija, ni ina tuƙi a gidan wani Balarabe, shi kuma yana jan motar da ke kai ma'aikata tsohon filin jirgin sama, wanda yanzu sabo ya maye gurbinsa. A Kaduna ya tashi. Mahaifinsa, Baba Injiniya, yana cikin ɗaliban da aka tura karatu Tarayyar Sobiyat, ya dawo daga birnin Riga da takardar digiri da yaro ɗan shekara uku. Abin da aka faɗa wa Jatau tun yana ƙarami shi ne uwarsa Baturiya ce, kuma ta rasu kafin su taho. Sunanta kawai ya sani. A gidansu ba a tayar da zancenta.

Cikin waɗanda yake ɗauka kullum akwai wani bakanike mai gyaran jirgi, Andris, mutumin Latbiya, ƙasar da birnin Riga yake, wanda ba ya zama ko'ina sai kujerar da ke bayan direba. Wata rana da safe ya kwance ƙunshi yana karin kumallo da wani baƙin burodi mai tsami. Jatau ya ce ƙamshin na shiga hancinsa hankalinsa ya ɗauke, har ya kusa wuce kwanarsu. Ya rantse mini ya san wannan ƙamshin. Na ce masa yaron da ya bar gari yana da shekara uku ba ya tuna ƙamshi. Ya yi dariya.

Daga nan hira ta ƙullu a tsakaninsu. Ya faɗa wa Andris sunan mahaifiyarsa. Mutumin ya je hutu, ya dawo, ya ce ya samo ƙanwarta, wata tsohuwa mai suna Velta, tana zaune a tsohon garin Riga. Abin bai kwanta mini ba. Birni guda, a ce cikin hutu ɗaya ka laluɓo tsohuwa da suna kawai? Na gaya wa Jatau mu ne duniya ke yi wa kallon 'yan damfara, amma wannan ba ya nufin wasu ba su iya ba. Na ce ya jira, ranar da za a ce tsohuwar na asibiti ana neman taimako tana nan tafe.

"Yaya Garba, in ƙarya ce na yi asarar hutu ɗaya," in ji shi. "In gaskiya ce fa?"

Ya sha wahalar biza, ya sha wahalar kafil, wato ubangidansa na wurin aiki, kafin ya sa masa hannun izinin fita. Da bazara ta zo, lokacin da zafin Doha ke hana kowa sakat, ya bi Andris suka tafi.

Ranar da ya dawo muka zauna bayan la'asar, ya yanka mana burodin nan da busasshen kifi da wani cuku mai 'yan ƙwayoyi masu ƙamshi a ciki. Ya ba ni labarin tsohon garin: titunan da aka shimfiɗa da duwatsu har ƙafa ke ciwo, dogayen hasumiyoyin coci masu zakaran ƙarfe a ƙoli, wani lungu da in ka miƙa hannuwa za ka taɓa bango biyu. Ya ce babbar kasuwarsu tana cikin wasu manyan rumfunan da aka ƙera tun asali don ajiye jiragen sama, kuma sashen kifi kaɗai ya isa mutum ya ɓata. Rana ba ta son faɗuwa a can da bazara, har sallar magariba ta rikice masa, ya koma bin agogo.

Sai ya zo kan tsohuwar. Ya ce tana buɗe ƙofa ba ta gaishe shi ba, ta kama kansa ta juya, ta lanƙwasa kunnensa na hagu, ta ga tabon da ke bayansa, sannan ta zauna a ƙasa tana kuka. Ta ce murhu ne ya ƙona shi yana rarrafe. Ta dafa masa wani wake mai launin toka da aka saba ci da naman alade, ta ce ta bar naman domin ubansa ma ba ya ci. Washegari ta kai shi maƙabarta. A jikin dutsen kabarin ya ga sunan da ya sani, ya kuma ga shekarar rasuwa. Uwarsa ta rayu har sai da ya haura shekara ashirin da biyar.

Na saurare shi har ya gama, sannan na faɗi abin da ke raina. Mutumin da ke zama a bayanka kullum, wa ya fi shi sanin tabon bayan kunnenka? Cewa Musulmi ba ya cin alade, ai ko yaro ya sani. Suna kuma ana samun iri ɗaya. Tsohuwar ba ta jin Turanci, shi ba ya jin yarensu, duk maganar da suka yi ta bakin Andris ta bi. Na tambaye shi ko ta nuna masa hotonsa yana jariri. Ya ce ta ce an binne 'yar'uwarta da hotunan, haka ta bar wasiyya. Na ce to ka gani.

Amma shi a lokacin zarginsa ya riga ya koma wani wuri. Tsohuwar ta ce ubansa ya ɗauke shi ne da sunan zai kai shi ya ga kakanninsa ya dawo da shi, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Da ya je Kaduna da babbar salla ya tambayi Baba Injiniya. Dattijon bai musa cewa matar ta rayu ba. Ya ce danginta ne suka ƙi jinin baƙin yaro a gidansu, suka tilasta mata zaɓi, ta zaɓe su, shi kuma ya ga gara yaro ya tashi da maraici da ya tashi da sanin an ƙi shi. Da aka ambaci Velta ya ce bai san wata mai wannan suna ba, ya tashi ya shiga ɗaki.

Jatau ya dawo Doha da labari biyu da ba sa haɗuwa. Bai yar da ko ɗaya ba. Ranar Juma'a bayan masallaci yakan kira babansa, ranar Lahadi ya kira tsohuwar, wadda ya koma kira Inna, su yi ta maimaita 'yan kalmomin da ya koya. Ni kuwa na ci gaba da jiran ranar da za a roƙe shi wani abu. Har ya faɗi a wurin aiki wata rana da hantsi, zuciyarsa ta tsaya, ba a roƙe shi komai ba. Sai dai ƙunshin burodi da safa ta ulu da take aiko masa, a garin da ba a san sanyi ba.

Yau ana tofa yawu a ƙaramar kwalba a aika, a faɗa maka ko kai jinin wane ne. Nakan tambayi kaina ko da Jatau yana raye zai yi. 'Yarsa Maryam, wadda yanzu take jami'a, ta ce za ta yi, amma da wa za a gwada ta? Tsohuwar ta rasu, Andris ya bar Doha tuntuni. Ina jin shi Jatau da ba zai yi ba. Ya taɓa ce mini matar da ta zauna a ƙasa ta yi masa wannan kukan, ko ba jininsa ba ce, ta rasa wani yaro.

Har yau ban ce na gamsu ba. Abin da na sani tabbas shi ne na zauna da mutumin da aka ɓoye wa uwarsa, ya gano, bai kuma ɗaga wa ubansa murya ba, bai yanke zumunci da kowa ba. Wannan shi ne abin da ya bar wa 'ya'yansa, ya fi kowane sakamakon gwaji.

Ni aka ɗora wa sanar da Baba Injiniya rasuwar. Ya yi salati, ya tambayi inda za a binne shi. Sai na ji ya ce, "Garba, an gaya wa Velta?" Na ce tukuna, Baba. Ya ce in karanto masa lambarta a hankali, shi zai faɗa mata da kansa, har yanzu bai manta yaren ba. Na karanto masa. Ko ya kira, ban sani ba, kuma har Allah ya karɓi ransa ban tambaye shi ba. Allah ya jiƙan Sa'idu, ya jiƙan iyayensa.