Yatsan da Baba Ya Bari a Damagaram

Shekara goma sha biyu ke nan da aka fitar da gawar Baba daga gidanmu na unguwar Waziriyya a Jidda, amma ban taɓa jin rashinsa kamar watan nan ba.

Maƙeri ne. A Damagaram shi ke ɗura wa mafarauta bindiga, har ranar da albarushi ya tashi a hannunsa na dama, ya tafi da yatsan shahada. Da ya zo Jidda sai ya koma gyaran butocin gahawa da turamen tagulla. Mutum ne mai barkwanci, yakan ce ya aika yatsan ya riƙe masa wuri a Lahira. Amma na sha ganinsa a zaman tahiya yana ɗaga dungulmin, kuma a nan ba ya dariya.

To, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ɗana Usama, mai aiki a wani kulob na harbi, ya gaji hannun kakansa. Kwanan baya ya shigo da jakar kwanson harsashin ƙaramar bindiga, wai ya gani a waya yadda ake sake cika su a gida, zai fara gwadawa.

"Ummi, wallahi ma fi mushkila, ba wata matsala, awon albarushi ne kawai," in ji shi.

A ɗakin da bango ɗaya ya raba da tukunyar gas! A ƙasar da harsashi guda ba izini ya isa ya cinye iƙamar gida duka, wato takardar izinin zamanmu!

Na tambayi kaina, da Baba na nan me zai ce? Na san zai juya kwanson a tafinsa, ya yaba tagullar, don maƙeri ba ya ƙin ƙarfe mai kyau. Ba zai yi faɗa ba. Hannun kawai zai ɗora kan tire a ci gaba da shan shayi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ni ba ni da haƙurinsa. Na ce halas, magana ta ƙare, jakar ta koma inda ta fito. Usama ya yi fushi, har yau gaisuwarsa a taƙaice take. Na kwance akwatin kayan aikin Baba na ajiye masa a ƙofar ɗaki: in hannu na ƙaiƙayi, ga guduma ga tagulla. Bai taɓa ba tukuna, ni kuma ban ɗauke ba.

Baba bai bar mana gida ko gona ba. Dungulmin nan ya bari, kuma ya ishe mu gado. Allah Ya jiƙansa. Usama ya yi ta fushinsa. Muddin ina numfashi, da cikakken yatsa zai yi tahiya.