Tsohon da Ya Kawo Ruwan Tafki

A ƙofar ɗakin taro a Kankiya, inda manyan baƙi daga Najeriya da Nijar ke zaman farfaɗo da yarjejeniyar ruwa da burtali, Hawwa mai nono tana kallon wani tsoho da ba ta sani ba. Dogo ne siriri, malafarsa a yage, ƙafafunsa duk faso. Ya saɓa sandar kiwo, amma ko akuya ba ta biye da shi. A hannunsa akwai gora cike da jan ruwa mai kauri kamar kunu.

Hawwa ta san irin idanun nan. Haka na yayanta suka koma shekarar da tafkinsu ya ƙafe, manoma da makiyayan tsallaken iyaka suka zubar da jini a kan ragowar taɓo. Wa ya sani ko garke tsohon nan ya rasa, ko ɗa?

Ana ta shiga da ruwan roba mai sanyi. Tsohon ya matso, mai gadi ya tare shi.

"Baba, sai mai kati."

"Ba shiga za ni ba, yaro," in ji tsohon. "Kai masu wannan. Shi muke sha, a kanshi muke kashe juna. Su kurɓa kafin su sa hannu."

Mai gadi ya kwashe da dariya. Tsohon ya girke gorar a tsakiyar ƙofa, ya tsuguna kusa da ita. Hawwa ji take kamar ta kife ƙwaryarta don takaici. Can ciki kuwa, tafi ake yi.