Sakin da Inna Ta Nema

Ni ne ɗan fari a gidanmu, shi ya sa Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma cika yi mini magana kai tsaye ba. In tana son abu a wurina, sai ta faɗa wa matata ni kuma in ji daga gefe. Saboda haka ranar da ta same ni da hantsi ina gyaran rumbu, ta jawo turmi ta zauna ta ce, "Kai, sauko, da kai zan yi magana," na san ba ƙaramin abu ba ne.

Lokacin ina da mata da ƴaƴa biyu, muna sashenmu a cikin gidan Baba a Gure. An gama girbi, shekara ta yi kyau, karo na farko tun bayan farar da ta cinye mana hatsi. Baba ya kusa sittin. Da ya ga rumbu ya cika, sai ya tada maganar da ya daɗe da ita a zuci, wato zai tafi aikin hajji. A wancan zamanin da ƙafa ake tafiya. A nufi gabas, a tsaya a garuruwan hanya a yi ƙodago a samu guzuri, a ƙara gaba. Wani ya dawo bayan shekaru, wani ko labarinsa ba a sake ji.

Inna ta ce, "Na ce wa ubanka ya sake ni kafin ya tafi."

Na ce, "Inna, bayan shekara talatin da wani abu? Ai da ke ya ce zai tafi."

Ta ce, "Da waɗannan gwiwoyin? Rijiya ma da hutu nake zuwa. In na bi shi, a hanya zai binne ni, ko in hana shi isa. In kuma na zauna da igiyarsa a kaina, ka ga dai yayata."

Na san abin da take nufi. Mijin yayarta ya bi hanyar nan tun ina ƙarami. Matar ta yi shekaru tana jira, ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba, ba ta da ikon matsawa ko'ina, har ta rasu a haka.

Na samu Baba a gona yana ɗaure kara. Tun kafin in buɗe baki ya ce, "Ta faɗa maka ke nan." Ya ce da farko ransa ya ɓaci, ya kwana bakwai bai tanka mata ba. "Amma uwarka ba ta taɓa roƙona abu sau biyu ba. Wannan sau uku ta maimaita. Ni zan tafi neman gafara, ba zan fara da ɗaure baiwar Allah ba."

Aka kira liman da dattawa biyu na unguwa. A zaure Baba ya furta saki ɗaya. Liman ya ce mai shekarunta wata uku za ta yi tana idda, a ɗakinta, ci da sha a wuyan mijin. Ayarin da Baba ya shirya bi saura kwana ashirin ya tashi, har ya karɓo takardar tafiya a biron kumandan, wato ofishin baturen mulki. Ya ce su je, zai jira na baya. Ni da kaina na ce zan ɗauki nauyin ciyar da ita, ya ƙi.

Surutu kam an yi. Matata ta dawo daga rijiya ranta a ɓace, wai ana cewa tsohuwa ta hango wani, wasu kuma na cewa tsoho ne ya gaji da ita. Inna na saƙar tabarma da kaba, ba ta ko ɗaga kai ba. Ta ce, "Bar su. Ranar kasuwa za su samu sabon zance."

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, a wata ukun nan sun yi hirar da ban taɓa gani suna yi ba. Da la'asar Baba zai shimfiɗa buzunsa a gindin kurnar tsakar gida, ita tana saƙa, suna raba kaya da baki. Awaki nata ne tun asali, babu gardama. Turmi ta ce a bar wa matata. A kan jaki kawai suka yi ja-in-ja, shi yana cewa ta ɗauka don ruwa, ita tana cewa mai tafiyar gabas ya fi bukata. A ƙarshe shi ya ɗauka. Ta ɗinke masa gafaka, ta tuna masa cewa ruwan sanyi da safe na murɗa masa ciki. Har dariya na ji suna yi a kan wani raƙumi da ya taɓa kada shi a farkon aurensu.

Ganin haka na sa rai. Na ce, "Baba, tunda idda ba ta cika ba, me zai hana a yi kome, ka mayar da ita?"

Ya ce, "Na tambaye ta. Ta ce in fasa tafiya. Na ce ba zan iya ba. Kowa ya faɗi gaskiyarsa, magana ta ƙare."

Na ɗauka in idda ta cika za ta dawo sashena, har na fara yankan ciyawar sabon ɗaki. Sai ta ce garinsu Gidigir za ta koma, wurin ƙanenta. Tana da gadon itatuwan dabino a can, tun aurenta ba ta taɓa kula da su da hannunta ba, sai abin da aka aiko mata.

Na ce, "Mutane za su ce na kasa riƙe uwata."

Ta ce, "Kai ka san ba ka kasa ba, ni ma na sani. Na yi zaman gidan ubana, na yi na ubanka. Ina so in ga yadda nawa yake."

Ban sake ja ba. Washegarin cikar idda na ɗora kayanta a kan takarkarin maƙwabcinmu, muka kora awaki. Baba ya raka mu har bayan gari. Ya ce, "Ki yafe mini." Ta ce, "Na yafe, kai ma ka yafe. Allah ya kai ka." Bayan kwana goma shi ma ya tashi.

Ni da kawuna muka kafa mata ɗaki, muka kewaye shi da zana. Kafin shekara ta zagayo ta samu wurin zamanta a kasuwa, tana sayar da dabino da tabarmi. Dattawa biyu suka aiko neman aurenta, ta sa aka ba su haƙuri. Duk zuwan da zan yi sai in tarar da mata a gidanta, wasu sun zo koyon saƙa, wasu sun kawo ƙarar mazansu. Ba ta taɓa ce wa ɗaya daga cikinsu ta fita daga aure ba. Takan ce a fara sanin abin da ake so tukuna. Na daɗe da yarda cewa daidai ta yi.

A shekara ta shida wani alhaji daga Kelle ya dawo da labari. Baba ya isa, ya yi hajjinsa, ya rasu a wani gari a kan hanyar dawowa. Na je da kaina na faɗa mata. Ta share ido da gefen zane, ta ce, "Alhamdu lillahi, ya isa." Takaba ba ta hau kanta ba, amma ta biyo ni Gure, ta daka gumbar sadaka da hannunta, ta zauna cikin mata ana karɓar gaisuwa. Ran sadakar uku da azahar ta ce in nemo mata abokan tafiya, dabinonta ya nuna, kuma ba ta yarda da yadda ƙanenta ke shanya shi ba.